Mushe, mai iyali ba yaron firamare ba ne

Wata na huɗu ne, zafin nan na Yamai mai haura digiri 40, muna aji a wata makarantar kuɗi inda nake karatun dare, sai ga wani dattijo ya shigo a makare da kamar minti goma. Ma'aikaci ne, daga aiki yake, ya tsallako gadar Kennedy cikin cunkoson yamma. Mushe, wato malaminmu, ya tsaida darasi, ya kalle shi sama da ƙasa, ya nuna mishi ƙofa, a gaban yaran da ya haifi kamarsu. Mutumen bai ce uffan ba, ya ɗauki jakarshi, kuma daga ranar ba mu sake ganinshi ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Ba wai na ce a bar aji kara zube ba, a'a, na san wahalar malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai a amfi, wato babban ɗakin darasi na jami'a, wasu na latsa salula wasu na hira a baya. Doka dole ce. Amma tsawa da kunyatarwa da barazanar "za ka gani ranar jarrabawa" shiru kawai suke kawowa, shirun tsoro, wanda bai gane ba ya haɗiye tambayarshi ya tafi gida da ita.

Malcolm Knowles, masanin ilimin manya na Amurka, tun shekarun 1970 yake bayanin cewa babba yana koyo ne in ya san amfanin abin da ake koya mishi, in kuma an ɗauki gogewarshi da daraja. Mu nan ma ido ya gani. Malamar asibiti da ta yi shekara goma tana karɓar haihuwa ta dawo neman lisans, wato digirin farko, ko akawun da ya zo masta, akwai abin da suka sani wanda babu shi cikin takardun mushe, to me zai hana a ce, Hajiya ke a wajen aikinku yaya kuke yi? Kuma kar mu manta ɗalibai ne suka fito zanga-zanga kan gadar nan ta Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, uku suka rasa rayukansu, shekara ta zagayo aka zauna taron ƙasa na 1991 kan makomar mulkin Nijar. Waɗanda suka iya ɗaukar wannan nauyi sun isa a zauna da su a tsara dokar aji.

Na ga wata malama ta yi haka. Ranar farko ta ce mu da kanmu mu yanke minti nawa ne makara, me za a yi da salula, yaya za a yi da lokacin magariba, delege, wato wakilin aji, ya rubuta ya tura a rukuninmu na WhatsApp, kuma dokar ta hau kanta ita ma, ranar da ta makara ta ba mu haƙuri. In mutum ya karya, ba ta ko ɗaga murya, sai an tashi ta ce, Alhaji don Allah ɗan tsaya ina son magana da kai. Ajinta ne kaɗai na ga masu iyali suna rige-rigen kujerar gaba.