Gadi a jiu-jitsu: yadda kwanciyar mai rauni ta zama makami, da inda nake ganin ta fara kauce hanya

Duk wanda ya tashi yana kallon kokawar gargajiya, ko a dandalin ƙauye bayan girbi ko a gasar takobi ta Nijar, ya san cewa da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, an ɗaga hannun wanda ya yi kaye. Da wannan idon na fara kallon tsohon faifan karawar Royce Gracie da Dan Severn, wadda aka yi a karo na huɗu na gasar UFC, wato gasar faɗa da ake haɗa naushi da kokawa, a watan Disamban 1994 a birnin Tulsa na Amurka. Severn ƙato ne kuma gogaggen ɗan kokawa, ya fi Royce nauyi da fiye da kilo 30, kuma tun da wuri ya kai shi ƙasa ya danne shi. Na yi ta mamakin abin da alƙalin wasa yake jira. Sai da aka kusa minti 16 Royce yana kwance, sannan ya ɗaga ƙafafunsa ya zagaye wuyan Severn tare da hannunsa ɗaya, ya matse, ƙaton ya bubbuga ƙasa alamar ya sallama. Tun daga ranar nake bibiyar wannan kwanciya da masu jiu-jitsu na Brazil suke kira gadi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gadi shi ne mutum ya kasance a ƙasa, a kwance ko a zaune, amma ƙafafunsa suna tsakaninsa da abokin karawarsa. A tsohon salonsa, wato rufaffen gadi, na ƙasa yakan rungume ƙugun na sama da cinyoyinsa ya harɗe idon sawunsa a bayansa, ya kama wuyan rigarsa da hannu ɗaya da hannun rigar da ɗayan, sannan ya ja gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa har na saman ya rusuno. Mutumin da aka rusunar haka ba ya samun sararin da zai ɗaga hannu ya kai naushi mai ƙarfi, kuma duk hannun da ya dafa ƙasa da shi ya zama abin farauta. Daga nan ake karya gwiwar hannu, ake shaƙe wuya, ake kifar da mutum a hau kansa. Ranar farko da aka saka ni a ciki a wurin motsa jiki, wani siririn saurayi ne da nake ganin zan iya ɗaga shi da hannu ɗaya, amma na ji kamar ƙuguna ya shiga tarko, kuma kowane yunƙuri na miƙewa sai ya ƙara ba shi abin kamawa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa iyalan Gracie ne suka ƙirƙiro wannan kwanciya, kuma ina ganin wannan tauye haƙƙin Japanawa ne. Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, kuma judonsa ya fi ba jifa daga tsaye muhimmanci, amma tun a zamaninsa akwai gwanayen faɗan ƙasa irin su Mataemon Tanabe da suka wahalar da ɗaliban Kodokan. A 1914 aka fara gasar manyan makarantu a Kyoto, wadda ta haifar da salon da ake kira Kosen. A can ƙungiya ce take karawa da ƙungiya, kuma ɗalibin da ya san ba zai iya jefa abokin karawarsa ba yana da damar ya ja shi ƙasa ya riƙe shi da ƙafafu har a tashi kunnen doki, wanda hakan ma riba ce ga makarantarsa. A hannun waɗannan ɗalibai da malamansu, irin su Tsunetane Oda da Yaichibei Kanemitsu, shaƙar nan mai kusurwa uku da Royce ya gama da Severn da ita ta bunƙasa, shekara 70 kafin a ga ta a Tulsa. Abin ya yi yawa har Kodokan ta taƙaita jan mutum ƙasa a dokokinta a 1925, amma makarantun suka ci gaba da nasu, kuma har yau jami'o'i bakwai na Japan suna gasa a kan wannan tsari.

Abin da Brazil ta yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ta gwada gadi a gaban naushi. Mitsuyo Maeda, ɗalibin Kodokan mai yawon karawa a ƙasashe, ya isa Brazil a 1914 ya zauna a Belém, kuma ta hanyarsa Carlos Gracie ya shiga wannan fanni, daga baya ƙaninsa Hélio ya biyo shi. Su da almajiransu sun shafe shekaru suna karɓar ƙalubale daga 'yan dambe da 'yan kokawa a karawar da kusan komai ya halatta, don haka gadinsu ya zama na mutumin da yake tsoron a fasa masa fuska: ya manne, ya riƙe kai da hannu, ya yi haƙuri har na saman ya gaji ko ya yi kuskure.

Sashen tarihin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na shekarun 1980. Ricardo De La Riva ƙaramin mutum ne a makarantar Carlson Gracie da ke Rio de Janeiro, wurin da ya cika da ƙarfafa waɗanda suke miƙewa tsaye su ɓalle masa ƙafafu. Da ya ga rufewa ba ta yi masa aiki, sai ya riƙa zagaya ƙafarsa ɗaya ta wajen ƙafar da abokin karawa ya sa gaba, ya saƙale ta kamar ƙugiya, ya riƙe dunduniyar da hannu, ɗaya ƙafar kuma tana tura cinya, har mutum ya rasa inda zai aza nauyinsa. Yau duk duniya da sunansa ake kiran wannan gadi. Shi kuwa Roberto Correa, wanda ake wa laƙabi da Gordo, rauni ya ji a gwiwa, kuma maimakon ya zauna a gida sai ya ci gaba da atisaye a kwance ta gefe yana riƙe ƙafa ɗaya kawai ta abokin karawarsa. A da ana ɗaukar wannan matsayi a matsayin na wanda aka kusa gamawa da shi, amma shi ya gano cewa idan ya cusa hannunsa ta ƙarƙashin hamata ya kutsa ciki, zai iya kifar da mutum ko ya zagaya bayansa. Haka rabin gadi ya samu daraja. Ƙarancin jiki da ciwon gwiwa su ne malaman waɗannan mutane biyu, kuma shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana cewa gadi dabarar matsorata ce.

Bayan an fara gasar jiu-jitsu ta duniya a 1996, lissafin maki ya shigo da ƙarfinsa: biyu ga wanda ya kifar daga ƙasa, uku ga wanda ya ƙetare ƙafafu, huɗu ga wanda ya hau ciki ko ya kama baya. Salo ya yi ta haihuwar salo. Marcelo Garcia ya girgiza gasar ADCC ta 2003, wato babbar gasar kokawar da ake ci ta hanyar sa abokin karawa ya sallama, da shiga ƙarƙashin ƙafafun manya, a gasar ce kuma Eddie Bravo ya shaƙe Royler Gracie daga ƙasa, daga baya 'yan'uwan nan Mendes suka yaɗa berimbolo, inda mutum yake juyewa a kan kafaɗunsa kansa a ƙasa don ya fito a bayan abokin karawa, sannan Keenan Cornelius ya zo da naɗe ƙafa da gefen riga.

Ba na raina basirar da ke cikin waɗannan, kuma na yarda cewa doka ce take siffanta kowace kokawa, har da tamu da ta Kosen. Damuwata ita ce yawancin sababbin salon sun daina amsa tambayar da ta rayar da gadi a Brazil, wato me zai faru idan na saman ya kai duka. Ana ganin 'yan wasa biyu su zauna a ƙasa lokaci guda, ƙafafu a harɗe, kowa yana jiran maki biyu a minti na ƙarshe, fuskokinsu a buɗe. Filin da ake naushi ya riga ya nuna iyakar abin tun da daɗewa. Mark Coleman ya ci gasar UFC ta 1996 da kayarwa da duka daga sama, kuma a 2003 Fedor Emelianenko ya zauna a cikin gadin Antônio Rodrigo Nogueira, wanda ake ganin babu kamarsa a masu nauyi, ya yi ta dukansa har ya karɓe kambun Pride, gasar Japan mai kama da UFC.

Duk da haka, abin da ya ceci mutane a wannan fili tsohon gadin ne. A watan Yunin 2010 Fabrício Werdum ya kama Fedor ɗin nan da shaƙa mai kusurwa uku cikin daƙiƙa 69. Bayan makonni kaɗan, Anderson Silva ya sha duka a ƙarƙashin Chael Sonnen zagaye huɗu cur, sannan a na biyar ya riƙe wuyan hannunsa, ya jefa ƙafa bisa kafaɗarsa, ya riƙe kambunsa da dabarar da ɗaliban Kyoto za su gane nan take. Saboda haka idan sabon ɗalibi ya tambaye ni inda zai fara, rufaffen gadi nake nuna masa, kuma ina sa abokin atisayensa ya riƙa taɓa masa goshi da tafin hannu duk lokacin da ya bar sarari, har sai ya koyi rusunar da mutum kafin ya nemi wata dabara.