Akwai Aikin da Ba a Aika Wani

'Yan'uwana shugabannin zumuntar matasa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Dukanmu muna son Fitowa sura 18. Yetro ya tarar da surukinsa Musa zaune tun safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, ya ce masa wannan kaya ya fi ƙarfinsa, ya shawarce shi ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Muna son wurin domin yana sauke mana nauyi. Sai dai mukan tsallake rabin shawarar. Tsayawa gaban Allah saboda jama'a, koya musu dokoki, da manyan shari'u, waɗannan Yetro a hannun Musa ya bar su. Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6: rabon abincin gwauraye suka danƙa wa mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, su kuwa suka riƙe addu'a da hidimar Kalma.

Mu fa mun juya abin. Hayar kujeru, man janareto, ɗinkin anko, mun riƙe su ƙam don a gan mu muna kai da kawo, addu'a kuma mun bar wa sakataren addu'a. Ɗan'uwa, durƙuson wani ba zai zama naka ba.

Ba daga sama nake magana ba, ni ma na yi. Shekarar da nake shugabanci, mahaifin wani ɗan ƙungiyar mawaƙanmu ya rasu, daidai muna shirin babban taro. Na sa kuɗi a ambulan, na ba ma'aji da mutum biyu, na ce su yi ta'aziyya a madadin zumunta. Suka je, suka yi addu'a, ba su rage komai ba. Yaron ya daina zuwa koyon waƙa. Bayan wata biyu na gamu da shi bakin kasuwa, yana ture da baro. Na tambaye shi lafiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na ga ambulan. Kwana uku ina duban ƙofa ko zan gan ka." Na rasa bakin magana.

Tsawatarwa ma haka take. Eli firist ya ji muguntar da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi, ya yi musu magana, amma bai hana su ba, kuma gidansa ne ya sha hukunci. In ɗan zumunta ya kauce, kada ka tura mataimakinka, kada ka yi habaici a wa'azi ko a zauren WhatsApp. Matiyu 18:15 ta nuna hanya: ka je, kai da shi kaɗai. In kuwa kai ne ka yi kuskure, da bakinka za ka nemi gafara.

Shi yaron nan da mahaifinsa ya rasu, sai da na je gidansu sau uku, na zauna a tabarma tare da mahaifiyarsa, kafin ya sake ɗaukar gangarsa.