Masu cewa giyar manuwal ba ta mutuwa, ku zo mu yi magana

Jiya bayan sallar isha a majalisarmu ta Rijiyar Zaki a Kano, ƙanin wani abokina ya zo nuna mana Golf 5 GTI da ya shigo da ita ta Kwatano, mai giyar hannu, baƙa wuluk sai sheƙi take. Aka zagaye ta ana ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Ni kuma da shegen karambani na tambaye shi ko ya sa an duba man giya. Yaron nan ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, manuwal ce fa. Ai otomatik ake yi wa wannan wahalar." Kusan kowa a wurin ya gyaɗa kai. Na so in yi magana, mai shayi ya miƙo min kofi, hira ta koma kan ƙwallo. Abin ya kwana yana cina, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Ba wai ƙarya ake yi wa manuwal ba, tana da ƙarko. Mun taso mun ga Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mun ga J5 tana Kano zuwa Maiduguri da kaya har saman rufi, mun ga Golf 3 tana lodin Katsina da Daura safe da yamma, inji ya gaji a sauke shi a ɗora wani, giyabos yana nan daram. Dalili kuwa a fili yake: babu kwamfuta a ciki, babu tarkacen bawul irin na otomatik, ƙarafa ne da haƙora da boris suna juyawa cikin mai. Ko a ƙasashen waje, masu wasan gudu har gobe suna yabon giyar Getrag V160 mai shida da ta zo a Toyota Supra ta shekarun 1990, wadda ake ninka wa injin ƙarfi ita kuma ta ɗauka ba ta ce uffan ba. To amma wannan yabon ne ya zame mata bala'i a wurinmu. Haƙurin kaya sai jaki, sai kowa ya manta jakin ma yana shan ruwa.

Kuma ku daina haɗa 504 da waɗannan motocin. 504 ɗin da iyayenmu suka hau, ƙarfin dokinta yana wajen ɗari ne. GTI ɗin da yaron nan ya sayo ƙarfin doki 200 gare ta, ga turbo da ke sako ƙarfin murɗawa tun injin bai ɗaga murya ba. Duk wannan ƙarfin ta cikin akwati ɗaya yake bi kafin ya isa taya, ta kan haƙoran da faɗinsu bai fi ɗan yatsa ba. Abin da ke tsakanin haƙori da haƙori a lokacin da ka take totur, ɗan siririn mai ne wanda ido ma ba ya gani. Kuma galibin giyar manuwal ba ta da filta, ba ta da famfo, haƙoran ne ke fantsama man da kansu. Duk garin ƙarfen da ya goge, a cikin man yake zama yana zagaye, shekara da shekaru.

Ni jiki magayi ne. Ina da BMW 330i ƙirar E46, ta 2002, mai giya biyar, ƙarfin doki 231. Lokacin da na saye ta na tambayi batun man giya, aka ce min ai kamfanin ma ya ce na har abada ne, ba a canzawa. Gaskiya ne BMW ta kira man da ta zuba a irin waɗannan motocin na tsawon rayuwa. Tambayata ita ce, rayuwar wa? Wanda ya rubuta wannan maganar a Jamus bai yi lissafin motar za ta shekara ashirin, ta tsallaka teku, ta wuce hannu huɗu ko biyar, ta zo tana tsayuwa a cunkoson Kurna cikin Afrilu ana zafin da ya haura digiri 40 ba.

Na shekara guda ina hawa kafin wata ƙara ta dame ni, wani kuka siriri a giya ta huɗu idan na miƙa titin Zariya. Na kai ta wani gareji aka hau rami. Na sauka ramin da kaina, da farar shadda kuwa, don ban yi shirin haka ba. Da aka kwance notin ƙasa, abin da ya zubo ba zan manta ba. Baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, ga wari kamar ƙonannen ƙwai. Akwatin da ya kamata ya ba da fiye da lita ɗaya, abin da ya fito bai cika gorar ruwa ta roba ba, saura ya tsiyaye ta oyil sil na baya a hankali, ba wanda ya lura tun da ba ya ɗiga a ƙasa, ƙura ce ke shanye shi. Na haska fitilar waya a cikin kwanon, sai ga wani ƙyalli ruwan zinare yana yawo kamar kwalliyar amare. A lokacin ban san mene ne ba.

Kuskuren da ya fi ci min rai a nan ya faru, kuma da bakina na amince. Bakaniken ya ce, "Alhaji, zafin Kano sai mai kauri. Waɗannan tsinkakkun na Turawa ne, ƙasarsu sanyi." Ya aiki yaro ya sayo lamba 140 na awo, irin wanda ake zuba wa aksul ɗin manyan motoci, mai kauri kamar zuma. Aka ɗura. Wallahi kukan nan ya ragu, na tafi ina sa masa albarka. Duk bazara da damina lafiya lau, sai dai libar ta ɗan yi nauyi. Da hunturu ya shigo, wata safiya cikin Janairu na fito kai yara makaranta, hazo ya rufe gari, na sa ta ɗaya na tashi, na zo sa ta biyu, sai ƙarrr. Na sake, ƙarrr. Ɗiyata daga baya ta ce, "Abba, motar tana tari." Sai na yi tafiyar minti goma sha biyar, man ya ɗumama, sannan ta yarda ta shiga, shi ma da lallami. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ya yi shekaru yana buɗe giyar motocin Jamus, ya warware min. Bai yi dogon bayani ba. Ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara ya ɗauko zobe na tagulla, kamar awarwaron mata, ya ce, "Ɗana, sa yatsa ka shafa cikinsa." Na shafa, na ji ƙananan zare-zare kamar na noti. Ya ce wannan shi ne sinkiro. Aikinsa kamar ɗan birki ne: kafin giya ta shiga, shi ke kama giyar da za ka shiga ya daidaita gudunta da na sandar da take kai, don haƙora su haɗu ba faɗa. Zaren nan shi ke yanka man ya kore shi don tagullar ta samu ta kama ƙarfe. In mai ya yi kauri, musamman da sanyi, zoben ba ya iya kore shi da wuri, sai ya yi ta sulɓi, kai kuma kana tura liba da ƙarfi, haƙora na gwaruwa. Na ce, "Baba, to ƙyallin da na gani a tsohon man fa?" Ya ce, "Zobenka ne ka gani yana narkewa."

Daga nan na fara karanta abin da ke jikin galan. Man giya nau'i-nau'i ne, akwai GL-4, akwai GL-5, kuma mutanenmu sun ɗauka kamar aji huɗu da aji biyar ne, na biyar ya fi. Ba haka ba ne, aikinsu ne ya bambanta. GL-5 an yi shi ne musamman don aksul, inda haƙora ke gogar juna da matsi mai tsanani, shi ya sa aka cika masa sinadarin farar wuta da fosfaras, warin nan da kuke ji ke nan. Wannan sinadarin yana iya hana sinkiro kamawa yadda ya kamata, kuma wasu nau'o'insa ba sa shiri da tagulla idan zafi ya yi yawa. Yawancin giyar manuwal mai zoben tagulla GL-4 take so, ko man da kamfanin ya keɓe mata. Amma kar wani ya ɗauki wannan ya mai da shi aya. Subaru WRX mai giya biyar GL-5 mai lambar kauri 75W-90 take sha, saboda aksul ɗinta na gaba a cikin akwati ɗaya yake da giyar. Giyar Tremec T-56 da ke cikin Camaro da Corvette na Amurka, manuwal ce tsantsa, amma jan man otomatik ake zuba mata. Honda tana da nata man giyar manuwal mai suna MTF, tsinkakke, kusan kamar man inji. Fijo 406 tamu 75W-80 ce. Ka ga ke nan duk wanda ya ce maka "man giya ai man giya ne", kada ka bar shi ya taɓa notin motarka. Littafin mota yana intanet, da wayar da kake karanta wannan rubutun za ka sauke shi. Wasu BMW ɗin ma akwai takarda manne a jikin giyabos da ke faɗin irin man, in ƙura da maiƙo ba su cinye ta ba.

Sai halinmu na tuƙi. 'Yan wasan mota na ranar ɗaurin aure, ku nake nufi. Ka ɗaga inji ya yi ta ihu, ka saki kuloci lokaci guda don taya ta yi hayaƙi 'yan mata su yi shewa: wannan bugun guduma ne kake yi wa haƙoran giya ta ɗaya da ta biyu, da furofela, da aksul. Babu man da zai hana haƙori karyewa in ka dage. Bayan haɗarin ran mutane, wanda shi ne babba. Mu ma masu furfura ba mu tsira ba. Akwai mai ɗora hannu a kan liba tun daga Kabuga har Hotoro kamar ya riƙe sandar girma, yana danne cokalin da ke tura giya a ciki. Akwai mai tsayawa a danja ƙafarsa na kan kuloci har a ba da hannu. Akwai mai ɗaure mota mai jan baya da igiya ya ja ta tafiya mai nisa a furi, tayoyin baya na juya sandar giya, ƙarafan da ke fantsama mai kuwa a tsaye suke tun da inji a kashe yake.

Damina kuma da nata. Giyabos yana da ɗan hancin shan iska a samansa. Ka afka ruwan da ya taru a titi cikin Agusta da akwati mai zafi, ya huce farat ɗaya, zai iya zuƙar ruwa ta wannan hancin. Man ya koma kamar shayi mai madara, boris su fara tsatsa. Motocin nan masu gudu kuma gajeru ne, cikinsu na kusa da ƙasa. Duk wanda ruwa ya kai wa ƙofa, ya sa a duba, ko jiya ya yi juye.

Ni yanzu ƙa'idata, kuma ra'ayina ne, ba dokar kamfani ba: duk motar da na saya, man giya da na aksul suna cikin abin da zan fara zubarwa, don ban yarda da lambar da ke kan mita ba. Bayan haka duk kilomita 50,000 ko shekara uku, wanda ya riga zuwa. Mai wasa da mota ya rage. Ina sayen man a rufe da hatiminsa, ba na awo ba, kuma a gabana ake buɗewa. Ina zuwa da motar da ɗuminta. Sai an fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, don na taɓa ganin wanda aka tsiyaye wa mai tas sannan notin sama ya ƙi kwantuwa, motar ta kwana biyu a kan rami. Motar ta tsaya daidai, ba a kan jak gefe ɗaya ba, a zuba har ya fara dawowa ta ramin. In notin ƙasa mai maganaɗisu ne, a duba: laushin gari kamar kwalli ba komai, amma in ka ga gutsattsari da za ka iya ɗauka da farce, fara tara kuɗi. Gaba ɗaya man ba ya wuce lita biyu zuwa uku a yawancinsu, kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023, je ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka taya giyabos ɗan Beljiyam na GTI ko na BMW ka ji, shi ma kuma ba ka san irin man da ya sha a can ba.

Kada kuma a ce na ce mai magani ne. In giya tana gurzawa a kowace lamba har da ribas, sau da yawa kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya, a duba ruwansa da famfonsa kafin a zargi akwati. In kuma zobe ya riga ya cinye, ya cinye. Tawa da aka zubar da 140 aka sa wanda ya dace, ta ɗaya da ta uku da ta huɗu suka dawo kamar man shanu, amma ta biyu ba ta yafe min ba. Sai da Baba ya sauke akwatin ya buɗe, ya canza zoben da boris guda biyu, motar ta yi sati uku a wurinsa ina hawan Adaidaita Sahu.

Tsohon zoben yana nan cikin aljihun gaban motar, na hana a jefar. Cikinsa sumul kamar an goge da sabulu, zare ko ɗaya babu. Mai GTI, na san kana karantawa, kuma na san yayanka zai turo maka. Yau bayan isha ina majalisa, ka zo ka sa yatsa ka shafa.