Aikin zuciya ba "sa'ar hannu" ba ce kawai

Jiya a majalisarmu ta Unguwar Sarki wani abokina ya dage wai likitocin da ke fiɗar zuciya baiwa ce kawai, da ita aka haife su. Haba Malam, ina!

A nan Najeriya sai ka yi shekara 6 a jami'a, ka yi shekara ɗaya ta horon asibiti, ka yi bautar ƙasa, sannan ka shiga koyon tiyata wanda shi ma yana cin kusan wata shekara 6, kuma duk da haka ba ranar farko za a miƙa maka zuciyar mutum ba. Da riƙe wa oga kayan aiki ake farawa, sai a bar ka ka ciro jijiya daga ƙafa wadda za a yi wa jini sabuwar hanya da ita, sai buɗe ƙirji da rufewa, a hankali a hankali dai, oga na tsaye a kanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗinkin. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya faɗinsu bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, zaren kuwa siririn gaske kamar gashin kai, sai an sa tabarau mai ƙara girma. Shi ya sa suke ta maimaitawa a kan zuciyar dabba da bututun roba har hannu ya saba, kamar dai yaron tela a Kasuwar Barci da ke fara koyo a kan ƙyalle kafin a ba shi shadda.

Kuma fa ko bayan sun ƙware suna zama su duba aikin da ya samu matsala, a gano inda aka kuskure.