Haiti: an yi ta lissafin bulo da siminti, ba a yi lissafin gawayi ba

Girgizar ƙasar da ta afka wa Haiti ranar 12 ga Janairun 2010 ƙarfinta maki 7.0 ne, kuma kusa da Port-au-Prince babban birnin ƙasar ta tashi. Gwamnati ta ce sama da mutum 200,000 sun mutu, kusan miliyan 1.5 suka koma kwana cikin tantuna. Duniya ta taru, aka yi alkawarin biliyoyin daloli, su Bill Clinton, tsohon shugaban Amurka, suna cewa za a sake gina ƙasar ta fi da kyau. Ni dai a ganina tun ranar farko aka kauce hanya, domin hankali duk ya tafi kan gidaje da tituna a birni, su kuwa tsaunukan da suka zagaye garuruwan, waɗanda sara ya bar su tsirara, aka bar su wai sai an natsu.

Kar wani ya ce ai bishiya ba ta hana girgizar ƙasa. Gaskiya ne ba ta hanawa. Amma girgiza tana sassauta ƙasar da ke jikin tsauni, in ruwan sama ya sauko babu saiwar da za ta riƙe ta sai kawai ta zaftaro kan gidaje da gonaki. A 2004 guguwar Jeanne ta kawo ambaliya birnin Gonaïves, mutum kusan 3,000 suka mutu, babu ma girgiza a lokacin. A watan Agustan 2021 wata girgizar mai maki 7.2 ta kashe sama da 2,200 a kudancin ƙasar, kwana biyu tsakani guguwar Grace ta biyo da ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan mutanen da ke kwance a fili. To in ka gina gida mai rodi mai kyau a gindin tsaunin da ke shirin zubowa, me ka yi kenan?

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗora wa talakan Haiti laifi, wai su suka cinye dajinsu. Tun zamanin mulkin Faransa aka fara share daji don noman rake. Bayan sun ƙwaci 'yanci a 1804, Faransa ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150 a 1825, wato bayin da suka 'yanta kansu su ne za su biya iyayen gijinsu, kuma katako na cikin abin da aka yi ta lodawa jiragen ruwa ana sayarwa waje don samun kuɗi. Sannan a farkon shekarun 1980 aka karkashe aladun ƙasar saboda wata annoba, alhali su ne asusun manomi, in kuɗin makaranta ko asibiti ya taso ya sayar da ɗaya. Da asusun ya tafi sai bishiya ta zama asusu. Har yau kuma yawancin gidaje da itace ko gawayi suke girki, mai gidan burodi ma haka, to uwar da za ta dafa wa 'ya'yanta shinkafa da wake ba wa'azin muhalli take buƙata ba fa, abin hura wuta take nema wanda aljihunta zai iya. Maƙwabciyarsu Jamhuriyar Dominika da suke tsibiri ɗaya ta hana sara da ƙarfin soja, amma ta kuma sa tallafi a gas ɗin girki, shi ya sa hotunan kan iyakar suke nuna ɓangare ɗaya kore ɗaya fayau.

Kuɗin agajin kuwa ina ya tafi? Binciken da kafofin labarai na Amurka, ProPublica da NPR, suka yi a 2015 ya nuna Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala rabin biliyan amma gidajen dindindin shida ta gina. An buɗe rukunin masana'antu na Caracol a 2012 can arewa inda girgizar ba ta taɓa ba, a kan ƙasar noma, aka tashi ɗaruruwan manoma. Su kuma waɗanda suka rasa muhalli suka tafi wani tsandaurin tudu a arewacin birnin suka kafa unguwar Canaan da kansu, ba ruwa ba magudana. Wani abin lura, tsofaffin gidajen katako na Port-au-Prince da yawansu sun tsaya, na bulo marasa isasshen siminti ne suka rufta kan mutane.

Ba wai ba a taɓa dasa bishiya a Haiti ba, an sha yi, a 2013 ma gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin Michel Martelly ta sanar da shirin dasa miliyan 50 duk shekara. Matsalar dashen biki ita ce a zo da kyamara a dasa a tafi, awaki su cinye, ba mai ita balle ya ba ta ruwa. Wanda ya ɗan yi tasiri shi ne shirin da aka fara a 1981 bisa shawarar wani masani Gerald Murray, inda aka ce wa manomi ga irin bishiya mai saurin girma, ka dasa a gonarka, taka ce, ranar da ka ga dama ka sare ka yi gawayi ko katako ka sayar. Mutane suka karɓa hannu bibbiyu, aka dasa miliyoyi. Wasu za su ce wannan ai ba kare daji ba ne tunda ƙarshenta sarewa za a yi, kuma suna da ɗan gaskiya, gonar itace ba za ta dawo da dajin asali da tsuntsayensa ba. Amma gawayin da ya fito daga gona ai ya rage wanda za a saro daga daji, kuma saiwar tana nan tana riƙe ƙasa.

Mutanen Maraɗi da Damagaram sun san wannan fiye da kowa. Sassabin zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon tumɓukewa, ya yaɗu ne da manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, ba ɗan gandun daji da zai ci shi tara, har ana ƙiyasin ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da tankar ban ruwa ba.

Yanzu 'yan daba ne ke riƙe da yawancin Port-au-Prince tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a 2021, maganar bishiya sai ta zama kamar wasa. Amma dubban ɗaruruwan da rikicin ya kora ƙauyuka su ma girki za su yi, kuma da gawayi. Duk mai shirin kai agaji can ya sa murhu mai cin itace kaɗan, da gas mai araha, da takardar mallakar gona da bishiya ga manomi a cikin kasafin farko tare da siminti da rodi.