Ba Hausa ce ta ɗaure bakin yaron ba

Mako biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp na matanmu na Jidda da Makka, kuma sau uku ana turo mini shi. Wata baiwar Allah ce ke magana da cikakken ƙarfin gwiwa, wai duk uwar da ɗanta ya yi jinkirin magana ta daina yi masa Hausa, ta koma Larabci zalla, domin harshe biyu ne ke rikita ƙwaƙwalwar yaro. Ta ce abla ɗin rauda, wato malamar makarantar renon yara, ce ta gaya mata. Ana ta zuba mata godiya da "Allah ya saka, Hajiya". Ni kuwa raina ɓaci ya yi, domin na ga abin da wannan shawara ta yi a gidanmu.

Ɗan ƙanwata, a unguwar Hindawiyya, yana da shekara uku da rabi lokacin. Ka ce masa ya shiga ɗaki ya ɗauko baƙin takalmin babansa, baƙin zai kawo, ba ya kuskure. Amma tambaye shi me yake so, sai ya tsaya gaban firij yana nuni, yana "abin nan, abin nan", yana jan abayar uwarsa har ya fashe da kuka. Ji yana ji, ganewa yana ganewa, fitar da maganar ce ta gagara. Aka ba ƙanwata irin wannan shawara, ta bi. Larabcinta na cefane ne da gaisuwar maƙwabta, ba na rarrashi ba. Mahaifiyarmu kuwa, duk da shekarun da ta yi a ƙasar nan, Hausa ce bakinta. Wata rana na iske ta zaune tana kallon jikan ba ta cewa komai, ta juyo ta ce mini, "Kai, yanzu da wane baki zan yi wa maigidan nawa magana?" Tatsuniya ta tsaya, wasan jika da kaka ya tsaya, gida ya yi tsit, aka miƙa wa yaro waya. Wata takwas aka yi haka, kalmominsa ba su ƙaru ba, fushinsa ne ya ƙaru.

Wannan larura sananniya ce, ba a kan ɗan Bahaushe aka fara ta ba. Binciken da Bruce Tomblin ya jagoranta a Amurka a 1997, da na Courtenay Norbury a Ingila a 2016, duk sun sami kusan yara 7 cikin 100 suna fama da larurar harshe, wato kamar yara biyu a ajin mutum 30. Akasarin yaran Amurkan nan Turanci kaɗai suke ji, to wane harshe na biyu ne ya rikita su? Larurar ta fi bin dangi, kuma ba in'ina ba ce, ba kurumta ba ce, ba kuma rashin hankali ba. Johanne Paradis da abokan aikinta a Kanada sun gwada yara masu larurar da ke jin Faransanci da Turanci a 2003, suka kwatanta su da masu larurar da ke jin harshe ɗaya, ba su ga harshe na biyu ya ƙara musu nauyi ba. Yaron da ke da ita za a gan ta a Hausarsa, a gan ta a Larabcinsa. Cire ɗaya ba ya warkar da ɗayan, sai dai ya raba yaro da mutanen da suka fi kowa yi masa hira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓen harshen da za a yanka. Tun 2021 ake koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a makarantun Saudiyya. Yaron nan da ma Larabcin Hijaz yake ji a titi, ya tarar da Fusha, wato daidaitaccen Larabci, a littafi. Masu hali suna biyan dubban riyal su kai 'ya'yansu makarantun da ba a jin komai sai Turanci, ban taɓa jin an ce musu ƙwaƙwalwar yaro za ta rikice ba. Sai Hausa ce mai rikitarwa? A faɗi gaskiya, a cikinmu akwai waɗanda tun asali suke jin kunyar a ji Hausa a bakin 'ya'yansu, gudun a kira su Takari, sai larurar yaro ta ba su hujjar da suka daɗe suna nema. Wanda zai yar da harshen uwarsa ya yar, amma kada ya rataya laifin a wuyan yaron da ko ƙorafi bai iya yi ba.

Masu cewa "ku ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara huɗu" ba su san suna ba da shaidar gado ba ne. Masu neman wanzami ya yanke linzami kuwa su sani ba a ƙarƙashin harshe jimla take haɗuwa ba. Addu'a muna yi, Annabi Musa ma ya roƙi Allah ya warware ƙullin harshensa a cikin Suratu Ɗaha, amma ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna ya taimake shi.

Idan yaro ya cika shekara 2 bai kai kalma kamar 50 ba, ba ya haɗa biyu irin "Mama zo", a fara da gwajin ji, sannan a ga ƙwararren koyar da magana, abin da ake kira takhaɗub a nan. A ƙirga kalmominsa na Hausa da na Larabci tare, ba na Larabci kaɗai ba. A Jidda akwai cibiyar ji da magana ta JISH tun 1993, Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad ma tana yaye masu wannan fanni. Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin da Larabci ake yinsa, kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin direba ko mai aikin gida, wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu kuwa ko ƙofar asibiti tsoronta yake. 'Ya'yanmu mata da ke shiga jami'a su dubi wannan fanni, masu kuɗinmu da ke gasar walima su ɗauki nauyin ko mutum biyu.

Mu dai da muka kai yaron wajen wata ƙwararriya, abin da ta fara tambaya shi ne da wane harshe uwarsa take masa wasa. Ta ce a koma masa. Ta koya mana mu daina cika masa magana, mu daina "ce kaza, ce kaza", idan ya faɗi kalma ɗaya mu mayar masa da ita cikin biyu ko uku. Yanzu yana shekara biyar, har gobe yakan ce "Mama ya tafi", kuma yana bayan sa'o'insa. Jiya da safe kakarsa ta riƙe kofi biyu ta ce, "Maigida, shayi ko kunu?" Ta yi shiru tana jira, ƙanwata ta buɗe baki za ta amsa masa, tsohuwa ta ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon kofunan kafin ya ce, "Kunu. Ba zafi."