Agogon tsohuwar gidanmu da na falon Baba

Watana na farko a birnin Leeds na Ingila wlh ban yi barcin kirki ba, kuma ba sanyi ya hana ni ba, agogo ne. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da wani zungureren agogon katako a gindin bene, ya fi ni tsawo, duk bayan minti 15 sai ya rera, in awa ta cika kuma ya buga, ƙarfe 12 na dare ko ka ƙi ko ka so sai ka ƙirga tare da shi. Yanzu kuwa ranar da ya yi shiru har ji nake kamar an yi rasuwa a gidan.

Ba batir ba wuta fa. Ƙarafa ne guda uku masu nauyi rataye a ciki suna sauka a hankali suna juya haƙoran inji, ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na buga awa, ɗaya na kiɗan, duk Lahadi tsohuwar ta sa makulli ta murɗa shi su koma sama, murɗawa ɗaya tana kai shi kwana 8. Sai lilon nan mai tsawon kusan mita ɗaya, kowace kaɗawa sakan ɗaya, saboda shi ma aka yi akwatin dogo haka. Wani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya fara haɗa agogo mai lilo a 1656, maƙeran Landan suka tsawaita shi wajajen 1670. Kiɗan kuma irin na Big Ben, babban agogon nan na majalisar dokoki a Landan, ne sak. In an yi zafi ƙarfen lilon miƙewa yake sai agogon ya fara latti, sai a ɗan matse notin da ke ƙasan lilon, toh ku kwatanta a kai shi Sakkwato ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu ga gara na jiran katako lol.

Abin da ya fi burge ni hoton wata da ke saman fuskarsa, yana zagayawa a kwana 29 da rabi. Dab da azumi nakan leƙa shi, amma dai sai na ji sanarwar Sarkin Musulmi tukuna.

Mu kuma a gida agogon falon Baba tsarabar Makka ne, na roba mai kiran salla, ranar da ya mutu aka cilla shi saman wadrob aka sayo wani. Kar wani ya ce min ba mu san darajar gado ba, akwai gidajen da Alƙur'ani rubutun hannu da takobi da alkyabbar kaka ke nan ras. Gyara ne muka saki. Masu gyaran agogo da na taso ina gani a kasuwar Sabon Gari da ɗan gilashi maƙale a ido, yawancinsu yau canjin batir da maɗauri ne aikinsu, ba laifinsu ba ne, wa zai biya kuɗin gyaran da ya fi kuɗin sabo?

Nan ma ɗin ba wai sun tsira ba ne, dattijon da ke zuwa sa wa agogon tsohuwar mai, hannunsa har rawa yake, kuma tun zuwana ban taɓa ganinsa da yaro ba.